Littafin da ke Gefen Saba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yaran da ke shigowa aikin nan na kula da saba shi ne maganar nan tasu: "Ai tana aiki, Oga, a bar ta." Har tinƙaho suke yi wai sabarsu ta shekara uku ba a kashe ta ba. A zamaninmu wannan abin kunya ne, don alama ce ta an daɗe ba a yi mata faci ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, kowace saba sai da ya ajiye mata littafi mai bangon kwali. Shafin farko sunan mai kula da ita. Daga nan sai samfurin Apache ko IIS da ke kanta, da ranar kowane faci, da sa hannu. Faci kuwa da dare ake sauke shi, lokacin da layin ya ɗan sarara, ana addu'a kada a ɗauke wuta, sannan a zuba a faifan CD a bi injina ɗaya bayan ɗaya. Da safe ba mai shan shayi sai ya karanta rajistar shige da fice.

A cikin rajistar ne maigidan ya nuna mana tsutsar Code Red a Yulin 2001: harafin N jere reras, layi bayan layi, tana lalube ko za ta dace da IIS. Injina sama da 350,000 ta kama a yini guda, alhali Microsoft ta fitar da facin tun watan Yuni. Haka aka yi wa Equifax a Amurka a 2017: facin Apache Struts ya fito a Maris, ba a saka ba, aka sace bayanan mutum kusan miliyan 147.

Yanzu littafin ya ɓace, sunan ma ya bi shi. Ɗan kwangila ya kafa shafi, an biya shi, ya kama gabansa. Sai ka tarar da PHP 5.6, wadda aka daina yi wa gyara tun ƙarshen 2018, zaune a kan CentOS 7 da wa'adinta ya ƙare a Yunin 2024, kowa na zaton wani ne ke kula.

Ban ce ku koma kan takarda ba. Amma gobe ku ƙirga sabobinku, ku rubuta sunan mutum a gaban kowacce, ku cire duk manhajar da ba a amfani da ita. Wadda aka rasa mai ɗaukar nauyinta, ku kashe ta.