Tarihin Maganin Raggon Ido

Ya kai mai karatu, ko kana Magaria, ko Dungas, ko Bande, ko Dogo-Dogo, ka san amodari, ka kuma san yanar ido. To, akwai wata cuta da ba ta sa ido ja, ba ta kawo kwantsa. Sunanta raggon ido. Tun yaro yana ƙarami ido ɗaya yake gani dishi-dishi, ko don harara-garke, ko don idon yana bukatar tabarau. Sai ƙwaƙwalwa ta dogara ga mai kyau, ta yi watsi da ɗayan. Kamar shanun huɗa biyu ne, ɗaya yana ja, ɗaya ya saba da hutu.

Dabarar maganin tsohuwa ce. A rufe ido mai kyau, tilas raggon ya kama aiki. Masu tarihin likitanci suna danganta ta ga Sabit ɗan Ƙurra, wani masani da ya rasu a Bagadaza a shekarar 901. A 1743 kuma wani Bafaranshe mai suna Buffon ya ba da irin wannan shawara.

Daga 1963 wasu masana biyu a Amurka, Hubel da Wiesel, suka bayyana dalili. Sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa. Da aka buɗe, idon lafiya lau, amma ba ya gani, don ƙwaƙwalwa ba ta koyi aiki da shi ba. Babbar kyanwa kuwa ba ta cutu ba. Aikinsu ya jawo musu lambar Nobel a 1981. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin likitoci da yawa cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya wuce shekara bakwai sai a ce an makara.

A 2005 magana ta sake. Likitocin Amurka sun gwada yara 507, 'yan shekara 7 zuwa 17. Cikin 'yan 7 zuwa 12 da aka ba tabarau, aka rufe musu ido awa 2 zuwa 6 kullum, aka haɗa da maganin ɗigawa, 53 cikin ɗari sun samu ƙarin gani. Masu tabarau kaɗai, 25 cikin ɗari. Har 'yan 13 zuwa 17 da ba a taɓa yi wa magani ba, 47 cikin ɗari sun amfana.

Ashe ba a makara ba. Sammako ya fi, amma babban yaro ma yana da rabo.

Yau ka gwada ɗanka. Rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ya duba harufan wannan takarda daga nesa, sannan ka rufe ɗayan. In akwai bambanci, kai shi asibitin garinku, su tura ku wurin likitan ido a Damagaram. Kada ka liƙe idon da kanka, don rufewa fiye da kima tana raunana mai kyau. Likita ne zai faɗi awa nawa.

Kada ka ce ai ɗayan yana gani. Ran da ƙaya ko amodari ta taɓa mai kyau, raggon nan shi zai rage masa. Allah ya kiyaye mana idanunmu, amin.