Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko

Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko wani tanadi ne da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta yi domin talakawa da gajiyayyu, waɗanda idan ciwo ya kama su ba su da halin sayen magani, su sami kulawa a asibitocin da ke kusa da su ba tare da an nemi kuɗi a hannunsu ba. Asalinsa Dokar Lafiya ta Ƙasa ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, wadda kuma ta wajabta a riƙa ware masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga baitulmalin tarayya ba, kowace shekara.

Bisa nassin dokar, rabin kuɗin yana bi ta hannun hukumar inshorar lafiya, kashi 45 na magunguna ne da gyaran ɗakunan shan magani da horar da ma'aikata, ragowar kuwa na agajin gaggawa. Abin takaici, duk da tsananin buƙatar mata masu juna biyu da ƙananan yara, sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin asusun.