Jajayen tsuntsaye a gonakin ban-ruwa na Kano

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, gonakin ban-ruwa na Kura da Bunkure a jihar Kano suka zama matattarar tsuntsaye rani da damina.

Daga cikinsu akwai jajaye iri-iri, waɗanda ba dukansu ne ke yi wa manomi ɓarna ba.

Jan-baki

Wanda aka fi sani shi ne jan-baki, mai afka wa shinkafa da alkama da gero da dawa.

Bakinsa ne ja, jikinsa kuwa ruwan ƙasa ne.

Masana sun ƙiyasta cewa yawansa ya kai kimanin biliyan 1.5 a nahiyar Afirka, abin da ya sa babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa.

Sauran jajayen

Baiwar Allah kuwa 'yar ƙarama ce, takan shigo har tsakar gida tana tsintar 'ya'yan ciyawa. Namijin ne ja.

Akwai kuma wani mai zama a ciyayin bakin ruwa, wanda masana ke kira Euplectes franciscanus. Namijin yakan yi ja da baƙi da damina, lokacin neman mace, da kaka ta wuce kuma sai ya koma ruwan ƙasa.

Shi kuwa Merops nubicus, mai dogon baki, abokin manomi ne, domin fara da sauran ƙwari yake ci. Yakan bi wutar daji yana cafke ƙwarin da suka tashi.

Asalin launin

Akasarin tsuntsaye daga abinci suke samun sinadarin da jikinsu ke mayarwa ja. A shekarar 2016 ne masu bincike suka gano ƙwayar halittar da ke wannan aiki.

Wasu ƙasashe ma alfahari suke yi da nasu jajayen. Jihohi bakwai na Amurka sun ɗauki tsuntsun kadinal a matsayin alamarsu.

Amfanin rarrabewa

Maganin fenthion da ake fesa wa jan-baki ta jirgin sama ba ya zaɓe, yakan hallaka har shaho da mujiya da suka ci gawar.

Don haka sanin kowane tsuntsu da irin abincinsa na taimakawa wajen kare amfanin gona ba tare da an kashe masu amfani ba.

Mai son kallon su ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya zauna shiru a bakin magudanar ruwa.