Daga Farantin Talla zuwa Allon Salula: Suna da Lamuni a Kasuwar Intanet

1. Gabatarwa

A yau, a Maraɗi ko Damagaram ko Kano, mace na iya sayar da atamfa da turaren wuta ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma ba tare da ta aza wa ƴarta faranti a ka ba. Hoton hajar take ɗauka da salula, ta ɗora a WhatsApp ko Facebook, masu so su yi mata magana. Galibin abin da ake rubutawa a kan wannan ciniki dabarun tara mabiya ne. Maƙasudin wannan ƙasida shi ne mu dubi al'amarin ta fuskar tarihi, mu yi tambaya guda: a kasuwar da mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, a hannun wa sunan ɗan kasuwa yake, kuma wa ke tsaya wa ciniki? Tambayar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma amsar da magabata suka ba ta za ta taimaka mana wajen auna kasuwar yau.

2. Talla da dillanci kafin zuwan salula

Akwai mutum uku da sunan ɗan kasuwa ke bi ta hannunsu kafin ya isa ga jama'a. Ta farko ita ce ƴar talla. A shekarar 1969 Polly Hill ta bayyana irin cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidaje a karkarar Katsina, cinikin da ba a ganinsa a fili amma yana ɗauke da hatsi da abinci masu yawa. Binciken Enid Schildkrout a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan kasuwa: su ke fitar da kaya, su komo da kuɗi da labarin abin da masu saye ke so. Na biyu shi ne maroƙi ko sanƙira, wanda ke kururuta sunan mutum a bainar jama'a, a biya shi.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga bayaninmu, shi ne mai masauki, wato fatoma ko maigida. Abner Cohen ya yi nazarin aikinsa a unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga sakamakon a 1969. Falke kan iso da shanu daga arewa, bai san mahautan gari ba, su kuma sai da bashi suke saye. Maigida ne ke saukar da shi, ya haɗa shi da dillalansa, ya ajiye masa kuɗi. Idan mahauci ya ƙi biya, nauyin yana wuyan maigida. Ke nan abin da yake samu ladan lamuni ne, kuma jarinsa shi ne sunansa: ranar da ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa arewa. Haka ma Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga arzikin mutane, wato barori da abokan hulɗa da ke tafiyar da harkarsa bisa yarda.

Jarida da rediyo sun faɗaɗa aikin sanƙira, musamman da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Nijar bayan Taron Ƙasa na 1991. Amma tallan rediyo na mai hali ne, kuma bai taɓa aikin mai masauki ba.

3. Yadda talla ya hau intanet

Kafin mu komo gida, dole mu leƙa Amurka, domin can aka ƙera kasuwar da muke magana a kanta. A watan Oktoba na 1994 mujallar intanet ta HotWired ta fara sayar da fili a shafinta ga masu talla, cikinsu har da kamfanin waya na AT&T. A 1997 marubuci Tom Peters ya yi kira a mujallar Fast Company cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki sunansa tamkar tambarin haja, ya tallata kansa. Wannan ra'ayi ne ya zama tushen abin da ake koyarwa yau game da gina suna a intanet.

An kafa Facebook a 2004 domin ɗaliban jami'ar Harvard, aka buɗe shi ga kowa a 2006. A watan Nuwamba na 2007 ya ba kamfanoni damar buɗe shafi kyauta su tara mabiya, tare da tsarin talla na biya. Ƴan kasuwa suka yi tururuwa, suna zaton duk wanda ya bi shafinsu ya zama nasu. Sai dai ba mai shafi ke zaɓar wanda zai ga saƙonsa ba. Lissafin kwamfutar kamfanin ne ke zaɓa. A 2012 kamfanin da kansa ya ce saƙon shafi kan isa ga kimanin kashi 16 cikin ɗari na mabiyansa, kuma a shekarar ya fito da hanyar biyan kuɗi domin saƙo ya ƙara nisa. A watan Janairu na 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa za a fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na kamfanoni da jaridu. Wato wanda ya sha wahalar tara jama'a sai ya biya kafin ya yi musu magana.

A tsakanin nan kamfanin ya sayi Instagram a 2012 a kan dalar Amurka miliyar 1, ya kuma ƙulla cinikin WhatsApp a 2014 a kan kimanin miliyar 19. A 2023 kuɗin shigar kamfanin, wanda ya koma Meta tun 2021, sun kusa dalar Amurka miliyar 135, fiye da kashi 97 cikin ɗari daga talla. Wannan adadi ya isa ya nuna ko mene ne hajarsa: hankalin jama'a yake sayar wa ƴan kasuwa.

4. Shigowar salula kasuwannin Hausa

Salula ta shigo Nijar a 2001, kuma ƴan kasuwa na cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili shi ne falke ya daina tafiya domin jin farashi kawai.

Mataki na biyu ya zo da salula mai ɗaukar hoto. Abubuwa uku suka buɗe ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba: saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a 2013, shigar Hausa cikin harsunan Facebook a 2016, da kuma fagen ɗora hoto na kwana ɗaya da WhatsApp ya fito da shi a 2017. Wannan fage shi ne farantin talla na yau. Duk wanda suka ajiye lambar juna da matar gida yana ganin hajarta, kamar yadda maƙwabta ke jin kiran ƴar talla, sai dai yanzu unguwar ta kai har Yamai da Agadas. Sanƙira ma bai ɓace ba: ƴan wasan fim na Kano da masu ɗimbin mabiya a TikTok da Instagram su ke kururuta haja a biya su.

5. Mai masaukin da ba ya lamuni

Abin lura shi ne, cikin mutum ukun da muka ambata, biyu sun sami magada, na ukun bai samu ba. Kafar sada zumunta ta ɗauki rabin aikin mai masauki: tana haɗa baƙo da baƙo, tana karɓar kuɗi idan ana son talla ya yi nisa. Amma idan aka aika kuɗi kaya ba su zo ba, ko aka ga shadda a hoto aka karɓi wani yadi dabam, ba ta biyan ko dala. Wanda ya yi zamba kuwa yana iya rufe shafi ya buɗe wani da sabon suna, abin da maigidan Sabo ba ya iyawa.

Saboda haka ƴan kasuwa suka koma ga tsofaffin hanyoyi domin cike giɓin. Ana neman wanda ya san mai kaya kafin a aika kuɗi. Ana ba direban tasha kaya, shi ya miƙa ya karɓo kuɗi, ya zama shaida. Mai sayarwa kan ɗora hoton saƙon godiyar waɗanda suka saya, domin su tsaya mata. A zaurukan WhatsApp na ƴan kasuwa, shugaban zaure kan tantance mai shiga, ya kori maci amana. Duk wannan lamuni ne da jama'a ke yi da kansu, kyauta, a cikin gidan wani.

Bugu da ƙari, gidan na iya rufewa ba shiri. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu 2021, an katse intanet na salula a Nijar har kimanin kwana 10. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa 6. A kowane karo, wanda ya san masu sayensa da lambarsu da gidansu ya ci gaba da ciniki, wanda mabiya kaɗai ya tara ya zauna jira.

6. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa yawan mabiya da arzikin mutane ba abu ɗaya ba ne. Mabiya suna cikin kundin kamfani, shi ke buɗe hanyar isa gare su ko ya tsuke ta. Yarda kuwa tana tsakanin mutum da mutum. WhatsApp ya fi karɓuwa a kasuwanninmu domin ya fi kusa da tsohon tsari, tunda sai wanda ke da lambarka ke ganin hajarka. To amma a watan Yuni na 2025 Meta ya sanar da shigo da tallan biya a wannan fage, kuma abin da ya faru da shafukan Facebook bayan 2012 ya isa ishara.

Saura aiki ga masu bincike. Wa ke sasanta rikicin cinikin salula, alƙali ko shugaban zaure ko dangi? Shin farantin da ya koma allo ya sauke wa ƴan mata talla har sun zauna lakwal, ko kuwa sun koma masu kai saƙo? Amsar waɗannan tana cikin gidaje da tashoshin mota na Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma ɗalibanmu sun fi kowa damar shiga su tambayo.