Ganin Kwaɗo A Mafarki: Me Littattafan Fassara Suka Ce A Kai?

Da zarar damina ta kankama a nan Kudu, tambaya kan mafarkin kwaɗo sai ta yawaita. Za ka ji ta a bakin masallaci bayan Asuba, a teburin mai shayi, har a cikin kara wajen 'yan shanu. Wani ya ce ya ga kwaɗo a kan shimfiɗarsa, wata ta ce ta ga sun cika mata tsakar gida. Kafin ma a kai ga malami, na kusa sun riga sun yanke hukunci: an yi maka asiri, ko mayu ne suke bin ka. To amma in aka buɗe littattafan fassarar mafarki na malaman Musulunci, ba haka abin yake ba. Kwaɗo guda ɗaya a wajensu yana cikin alamu masu kyau, yawansu ne ake yi wa fassarar tsoro.

Littattafan da ake dogara da su

Biyu ne suka fi yawo a hannun malamanmu. Na farko shi ne wanda ake jingina wa Muhammad Ibn Sirin, tabi'in nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Ya shahara da fassarar mafarki, sai dai masana da yawa suna ganin babban littafin da ake sayarwa da sunansa na bayansa ne suka tattara shi. Na biyu shi ne Ta'aɗirul Anam na Shehu Abdulgani Annabulusi, mutumin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1143 bayan Hijira, wato 1731. Shi ya jera abubuwa bisa haruffan Larabci, don haka mai nema zai duba kalmar "difda'u", sunan kwaɗo ke nan da Larabci.

Kwaɗo ɗaya da kwaɗi masu yawa

Dukkan littattafan biyu sun fassara kwaɗo guda da mutum mai ibada, mai ƙoƙari wajen bin Allah. Annabulusi ya ƙara da cewa macen kwaɗo tana nuna mace kamila mai addini wadda ba ta cutar da kowa. Wanda ya ga kansa zaune cikin kwaɗi lafiya lau, ana fassara masa da kyakkyawar zama da dangi da maƙwabta. Wanda ya ga yana cin namansa, zai samu wani amfani daga na kusa da shi. Wanda ya ga yana kama su, zai rinjayi tsararrakinsa.

Dalilin wannan kyakkyawan zato ba ɓoyayye ba ne. Malaman da suna kallon kukan kwaɗo na dare a matsayin tasbihi, halitta ce da ba ta barci lokacin da mutane suke minshari. Akwai kuma labarin da ake bayarwa cewa kwaɗo ya yi ta ɗibar ruwa don kashe wutar da Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim (AS) a ciki. Sannan Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi.

Inda fassarar take juyawa shi ne idan kwaɗin suka yi yawa har suka mamaye gari ko unguwa. Nan ana fassara su da azaba ko jarrabawa da za ta shafi mutanen wurin. Tushen wannan yana cikin Suratul A'araf, aya ta 133, inda aka lissafa abubuwa biyar da aka saukar wa Fir'auna da mutanensa: ambaliya, fara, ƙwarƙwata, kwaɗi da jini. Idan kuma mutum ya ga kwaɗin suna ficewa daga garin, alama ce ta yayewar masifa ta hanyar salla da addu'a.

Gaskiya ne, a cikin jerin Annabulusi akwai inda ya ce kwaɗi suna iya nuna matsafa da mayaudara. Layi ɗaya ne a cikin fassarori masu yawa, amma abin mamaki shi kaɗai wasu masu duba suka haddace. Dalili kuwa ai a fili yake: ba wanda zai biya kuɗin karya sihiri idan an ce masa ya yi mafarkin mutumin kirki.

Me ya sa a nan Kudu ake tsoronsa haka?

Muna zaune da mutane, kuma ra'ayi yana naso. A Littafi Mai Tsarki na maƙwabtanmu Kirista, kwaɗi suna cikin annobar Masar kamar yadda yake a wajenmu, sannan a Ru'ya ta Yohanna, sura ta 16, an siffanta wasu ƙazaman ruhohi uku da kamannin kwaɗi. Shi ya sa a coci-coci da yawa na Kudu ake ɗaukar mafarkin kwaɗo a matsayin harin maƙiya. Inyamurai kuma suna da karin maganar da ke nufin kwaɗo ba ya gudu da tsakar rana a banza, sai in wani abu ya koro shi. Yaron da ya tashi a Agege ko Sabon Ibadan ko Anaca, wannan yake ji tun yana ƙarami a makaranta da kasuwa, ga kuma masu fassara a TikTok da Facebook da kowane mafarki a wajensu sammu ne. Har akwai masu mayar da mafarki lamba su je su buga caca da ita, Allah ya shirya.

Na taɓa ganin inda wannan ya kusa raba zumunci. Wani dillali a karar da mahaifina yake sayar da shanu ya yi mafarkin kwaɗo a cikin jakar kuɗinsa, a lokacin kuma kasuwa ta yi masa sanyi. Wani mai duba ya ce masa abokin cinikinsa ne ya ɗaure masa kasuwa. Ya kashe kuɗin da ya kai na rago wajen neman karya abin, ya daina gaisawa da mutumin da suka shekara da shekaru suna loda mota ɗaya daga Arewa. Sai da dattawan kara suka zaunar da su. A wajen zaman ne wani tsoho ya tambaye shi, "Alhaji, wai ina kake kwana ne?" Ashe tabarmarsa a bakin kwalbati take, inda kwaɗi suke kwana suna kuka.

Ba kowane mafarki ake fassarawa ba

Tambayar tsohon nan tana da madogara. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya raba mafarki gida uku: bushara daga Allah, baƙantawa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a ransa. Na farkon ne kawai yake da fassara. Daminar Kudu kuwa doguwa ce, tun wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba, ga lambatu a cike, ga fadama a bayan gidaje. Mai barci kunnensa a buɗe yake, ƙarar da ke kusa da shi tana iya shiga mafarkinsa. Haka mai zazzaɓin cizon sauro, shi ma yakan yi ta mafarkai barkatai, kuma inda ruwa ya kwanta har kwaɗi suka taru nan sauro yake hayayyafa. Ga masu sana'ar busasshen burduddugi da ake kawowa kasuwannin Yarbawa, wanda suke kira konko. Wanda ya wuni yana juya buhunsa, in ya gan shi da dare ai ba sai an nemi malami ba.

Ko mafarkin da ya cancanci fassara ma, ba a yi masa kuɗin goro. Sanannen labari ne cewa mutum biyu sun zo wa Ibn Sirin, kowanne ya ce ya ga yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, na biyu kuwa ya ce za a kama shi da sata, saboda ya duba halin kowannensu. An kuma ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, sai ya nuna ɓacin rai, ya ce wannan wasa ne da annabci.

Wani abin lura: malamai sukan fassara mafarki da sunan abin da aka gani, kuma suna yana bin harshen mai mafarkin. A Hausa kwaɗo na ruwa ne, kwaɗo ne na kulle ƙofa, ga kuma kwaɗon zogale. Ina zargin daga nan ne maganar "an kulle maka kasuwa" take samun gindin zama a zukatan mutanenmu, alhali littattafan da ake kafa hujja da su na Larabci ne, babu wannan haɗuwar suna a cikinsu.

Idan mafarkin ya tayar maka da hankali

Sunna ta riga ta tsara abin yi, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka yi tofi sau uku ta hagunka, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ka gani, ka juya kwanciya zuwa ɗaya gefen. In ka iya, ka tashi ka yi salla. Sannan kada ka ba kowa labarinsa, hadisi ya ce ba zai cutar da kai ba. Mafarki mai daɗi shi ake faɗa, shi ma ga masoyi ko mai ilimi kawai.

In kuma kwaɗon a farke ka gan shi cikin ɗaki, ka sa tsintsiya ka fitar da shi ba tare da ka kashe shi ba. Ka toshe ƙasan ƙofa, ka sa yara su share ciyawar bayan ɗaki, ka haska tocila ƙarƙashin gado da bayan buhuna, domin maciji yakan biyo kwaɗo.