Asalin Ƙarin Ruwa: Daga Annobar Kwalara Zuwa Ledar Asibiti

Ledar ruwan da ake ratayewa a gefen gadon mara lafiya yawanci ruwa ne tsaftatacce da gishiri giram 9 a kowace lita. Duk da sauƙin haɗin, sai da aka shafe kusan shekara ɗari kafin likitoci su iya zuba shi a jijiyar mutum hankali kwance.

Kwalara ce mafari. A ƙarshen 1831 annobar ta sauka a garin Sunderland na Ingila, a lokacin da likitoci ke yi wa mai amai da gudawa magani ta hanyar tsaga jijiya a zubar masa da jini. Wani matashin likita ɗan Ailan mai shekara 22, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu cutar, ya tarar ya yi kauri saboda ruwa da gishirin cikinsa sun tsiyaye. Ya rubuta a mujallar The Lancet cewa a mayar wa jini abin da ya rasa.

Wanda ya yi ta maza ya gwada shi ne Thomas Latta, likita a Leith kusa da Edinburgh. A watan Mayun 1832 ya samu wata tsohuwa da aka riga aka fid da rai da ita, ya soka bututu a jijiyar hannunta, ya ɗura mata ruwan gishiri fiye da lita 3. Bugun jijiyarta ya dawo, idanun da suka faɗa suka buɗe, ta yi magana. Da ya tafi ya ɗan huta, gudawar ta sake tasowa, ta rasu cikin 'yan sa'o'i. Wasu daga cikin waɗanda ya yi wa daga baya sun rayu. Amma annobar ta lafa, Latta ya mutu a 1833, aka yi watsi da dabarar. Abin takaici ne ƙwarai, domin mutumin ya gano hanya. Ilimin ƙwayoyin cuta ne bai zo ba tukuna: ba a tafasa kayan aiki, ba a san adadin gishirin da jini ke ɗauka ba.

Awon ya zo a hankali. A Landan, wajen 1882, Sydney Ringer yana ajiye zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri don ta ci gaba da bugawa, sai ya lura tana daɗewa fiye da yadda ya zata. Ashe mataimakinsa ruwan famfo yake amfani da shi maimakon tataccen ruwa, kuma ruwan famfon na ɗauke da sinadarin kalsiyam. Daga nan aka fahimci gishiri kaɗai bai wadatar ba, zuciya na bukatar kalsiyam da fotasiyam. A 1932 likitan yara Alexis Hartmann, a birnin St. Louis na Amurka, ya ƙara sinadarin laktet a haɗin Ringer don yaran da gudawa ta sa jininsu ya yi tsami. Wannan haɗin ne har yau ake rataya wa masu kwalara.

Saura zazzaɓin da ke kama mutane bayan ƙarin ruwa. Florence Seibert ta nuna a 1923 cewa dafin ƙwayoyin cuta ne da ke saura a cikin ruwan, ta gyara yadda ake tace shi. Kamfanin Baxter, wanda aka kafa a 1931, ya shiga sayar da shi a kwalabe, ledar roba kuma ta biyo baya wajen 1970.

Ko da hakan, leda tana bukatar allura da ƙwararren hannu, abin da ba kullum ake samu ba idan annoba ta ɓarke. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Bangaon a Indiya, ruwan jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis. Ya sa 'yan'uwan majinyata su riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka ragu daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Shi ya sa a asibitocinmu, idan damina ta zo da kwalara, wanda ke iya haɗiya ake ba shi kofin ruwan gishiri da sukari, a keɓe ledar ga wanda ya galabaita.