Filin Sukuwa Da Lambun Agodi: Inda 'Ya'yan Sabo Suka Yi Ƙuruciya

Tarihin unguwarmu an sha ba da shi ta fuskar fatauci, wato goro da shanu da masu gidajen da ke saukar da baƙi. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba, shi ne inda yaran unguwar suka yi wasa. Mu da aka haifa a nan Ibadan wajen 1970 mun tarar da wurare biyu, filin sukuwa na Adamasingba da Lambun Agodi, kuma cikin shekara takwas duka biyun suka fita daga hannun yara. 'Ya'yanmu ba su san su yadda muka san su ba, shi ya sa muka ga ya kamata a rubuta.

Sai mu fara da Sabon kanta, don in ba a san yadda take ba, ba za a gane abin da fili yake nufi a wurin yaronta ba. Kakanninmu da farko a cikin gari suka zauna tare da Yarbawa, wajajen Oja'ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan shekara goma layin ya kai Kano, fataucin goro da shanu ya bunƙasa, baƙi suka yi ta sauka. A 1916 aka yanka wa Hausawa wuri a gefen Mokola, aka ce ga Sabon Gari, bakin mutane ya taƙaita shi ya koma Sabo. Nufawa kuma aka zaunar da su a Mokola, inda ake kira Ago Tapa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna da iyayenmu a 1962 da 1963, ya ƙirga Hausawa sama da 4,000 a unguwar. To filin da aka yanka bai ƙaru ba, mutane ne suka yi ta ƙaruwa. Duk inda aka samu taku biyar sai maigida ya ƙara ɗaki don baƙo, ko ya kafa rumfar ɗaurin goro. Lungu ya matse, kwano na taɓa kwano. Yaro in ya buga ƙwallo, ko dai ta faɗa kwata, ko ta faɗa tiren mai tsire, a biyo shi da tsawa.

Saboda haka filin sukuwa shi ne tsakar gidanmu. Turawa ne suka yi shi don tseren dawaki, kusa da kulob ɗinsu da aka kafa tun 1902, wanda daga baya ya zama Ibadan Recreation Club. Dattawa sun ba mu labarin ranakun sukuwa, da yadda ake cika maƙil ana kallo. Mu dai abin da ya dame mu shi ne faɗin wurin. Da an tashi daga makarantar allo, ko an taso daga Islamiyya da la'asar, sai ka ga yara zugui-zugui an nufi can, ba takalmi, a ajiye duwatsu biyu a ce ga raga. A nan muke haɗuwa da yaran Ekotedo da na Mokola. Su ce mana 'ya'yan Gambari, mu ma mu rama, a yi 'yar hatsaniya, a raba, a ci gaba da wasa. Zamanin nan kuwa IICC Shooting Stars na tashe, don a 1976 ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofi, ita ce ƙungiyar Nijeriya ta farko da ta ɗauko kofin nahiya. Kowane yaro a filin nan ko dai Odegbami ne ko Muda Lawal, ba wanda ke yarda ya tsaya gola sai an yi masa alkawarin rake.

Wannan haɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. A cikin Sabo mutum na iya shekara bai yi Yarbanci ba, domin masallacinmu namu ne, sarkinmu namu ne, mahauci da wanzami da mai shayi duk Hausawa ne. Da yawa daga iyayenmu mata har suka tsufa Yarbancinsu bai wuce na cinikin barkono ba. Yarbancin da tsararmu ke ciniki da shi yau a Bodija da Gbagi, har abokin ciniki ya kasa gane Bahaushe ne, mafi yawansa a filin ƙwallo aka tsince shi, da zagi aka fara sannan gaisuwa ta biyo.

Lambun Agodi kuwa shi ne na ranar ado. An buɗe shi a 1967, zamanin Jihar Yamma, a matsayin gidan dabbobi da lambun itatuwa, faɗinsa kamar eka 150, a gindin dutsen Mokola, kan hanyar da ta nufi Sakatariya. Daga Sabo tafiyar ƙafa ce. A sauko shataletalen Mokola, a bar asibitin UCH can gefe, a bi titin Parliament, otal ɗin Premier da aka buɗe a 1966 yana leƙen mutum daga saman dutse. Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi an ci tuwo, sai a haɗa ayari, babban yaro a gaba, ƙanana riƙe da hannun juna, kowa da sabon ɗinki da barka da Sallarsa a ƙulle a aljihu. Uwa za ta ja kunnen babban sau uku: kada a je bakin ruwa, kada a saki hannun ƙanin nan, a dawo kafin magariba. Kuɗin shiga 'yan kwabbai ne, amma duk da haka sai an tsaya a ƙofa ana lissafi, don wani ya riga ya kashe nasa a kan alewa tun a Mokola.

Abin da ke fara bugun yaron Sabo in ya shiga shi ne sanyi da shiru. Mu da muka saba da zafin kwano da hayaƙin tukuba, sai ga inuwa ko ta ina, ga ƙamshin danshi, ga kukan tsuntsaye. Kogin Ogunpa ta nan ya ratsa, an tare shi ya zama tafki. Kewayen wurin kuma daji ne na gwamnati, cike da itacen da Yarbawa ke ce wa gedu, mai faɗin ganye kamar faifai. Ɗanyen tohonsa in ka murza a tafin hannu sai ya yi ja kamar lalle, 'yan mata su yi ta shafawa a farce, mu maza mu shafa a goshi mu ce an fasa mana kai don mu tsorata ƙanana. Sai a zarce wajen keji. Birai ne suka fi tara jama'a, don suna karɓar gyaɗa a hannu, wani ma ya fizge hular mutum. Kada kuwa yana kwance kamar gungume, a yi ta gardama ko yana da rai, har sai ya motsa ido kowa ya watse da gudu. Waɗanda suka taɓa zuwa gidan dabbobin Jami'ar Ibadan sai su yi mana kuri, su ce ai ba mu ga komai ba tunda ba mu ga Haruna ba, wato goggon birin nan da ya yi suna a can. Duk mai suna Haruna a unguwa ya sha tsokana a kan wannan.

A lambun ne da yawa daga cikinmu muka fara ganin iyalin ma'aikacin gwamnati sun shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, miji da mata da 'ya'ya suna cin abinci tare a bainar jama'a. Abin ya ba mu mamaki ƙwarai, har aka kai labarin gida. Masu hoto na yawo da kyamara a wuya, wanda ya samu hali ya tsaya a gindin itace a ɗauke shi, hoton ya fito bayan mako guda.

Ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980, ba a cika mako uku da Ƙaramar Sallah ba, aka yi ruwan da mutanen Ibadan ke kira Omiyale. An wuni ana zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Ogunpa ta sha yin ambaliya a baya, a 1960 da 1963 da 1978, amma ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ta ɗebi gidaje da motoci da gadoji, an rasa rayuka sama da ɗari, ɓarnar ta fi tsanani a unguwannin da ke bakin kogin, irin su Ogunpa da Oke Ado da Molete. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an yi gine-gine har cikin hanyar ruwa, ana zuba shara a kogi tana toshe ƙarƙashin gada, an kuma sare itatuwan kan duwatsun gari, ruwa in ya sauko ba abin da ke rage masa gudu. Lambun Agodi da yake a bakin kogin yake, ruwa ya bi ta kansa, ya kwashe yawancin dabbobin, ya lalata keji da hanyoyi. Babbar Sallar shekarar nan ba a yi ayarin Agodi ba. Daga nan wurin ya shiga wani hali, ciyawa ta rufe shi, aka daina barin yara su je su kaɗai. Yawon Sallah ya koma sinimar Scala ga waɗanda suka ɗan tasa, ita ma sai a ɓoye, don malamai ba sa so.

Filin sukuwa kuma gini ne ya ci shi. A kansa aka gina filin wasan Adamasingba, aka buɗe a 1988, daga baya aka sa masa sunan Lekan Salami, jigon Shooting Stars. Ba mu ce abin bai yi kyau ba, gari ya samu filin wasa na zamani, 'yan unguwa ma sun samu ciniki a ranakun wasa. Sai dai fili mai katanga da ƙofa da mai gadi ba na yaro mara takalmi ba ne. Waɗanda aka haifa bayan 1985 a kan titi suka koyi ƙwallo, tsakanin motoci da masu canjin kuɗi.

Lambun ya ɗauki shekara sama da talatin a yashe. Ogunpa ta sake yin wata mummunar ambaliya a watan Agusta 2011. A 2012 gwamnatin Abiola Ajimobi ta fara gyaran lambun, aka sake buɗe shi a 2014 da wurin ninƙaya da lilo da kwale-kwale a kan tafki. Ranar Sallah aka koma cika shi, har da mutanenmu, amma yanzu uba ne ke ɗaukar iyali a mota ko a Keke ya biya wa kowa, ba a ƙara ganin ayarin yara su kaɗai a ƙafa ba. Hanyar ma ta canza, tun da aka yi gadar sama a Mokola a 2013 ba uwar da za ta saki ɗan shekara bakwai ya tsallaka wurin.

A ƙarshen 2023 aka ga motocin rusau suna kayar da itatuwa a dajin da ke jikin lambun, don a yi rukunin gidaje. Masu kare muhalli suka yi zanga-zanga, suna tuna wa jama'a 1980, suna cewa dajin nan shi ke riƙe ruwan da ke gangarowa Ogunpa. Gwamnatin jiha ta ce ba lambun kansa aka taɓa ba, dajin gefensa ne, kuma ya zama maɓoyar ɓata-gari. Itatuwan da aka kayar ɗin, cikinsu har da irin gedun nan da muke murza ganyensa.